Ramar da Inna Ba Ta Yarda da Ita Ba

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa. Ni da yayana muke da shago a Haɗeja, a kan hanyar da ke gangarawa fadama. Shi ke sayar da kayan gyara, ni ke kwance inji in ɗaura. Idan noman rani ya kankama, manomin shinkafa ba ya jira. Injinsa ya tsaya da hantsi, so yake kafin azahar ruwa ya koma gona. A irin wannan lokacin na fara shan tiramol. Wani manomi ne ya ba ni rabin ƙwaya, ya ce za ta ɗauke mini ciwon baya, ta kuwa ɗauke. Shekara shida na yi ina sha, kuma a shekarun nan abinci bai dame ni ba. Shayi da safe, sai ƙwaya, sai aiki. Na rame har sai da na ƙara wa bel ɗina huda biyu da ƙusa.

Ranar da na faɗi a bakin wata gona ina karkarwa, kumfa na fita a bakina, yaya ya karɓe makullin shago. Shi da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, suka kai ni asibiti a Kano. Wata biyu na yi a can. An gaya mini zan yi fama da rashin barci da saurin fushi da ciwon gaɓoɓi, duk kuma na yi. Yunwa ce kaɗai ba wanda ya ambata mini.

Sati uku da dawowata ta sauko mini. Da farko daɗi na ji, don na manta yadda miyar kuka da man shanu take a baki. A gida ɗaya muke da Inna, ɗakinta na kallon sashenmu, ni da matata da 'ya'yanmu biyu. Matata ta kawo tuwon shinkafa malmala biyu in cinye, Inna ta aiko da nata kwanon in cinye. Takan jawo tabarma ta zauna kusa da ni, ba ta cin komai, kallona kawai take yi.

"Ci, Auta," in ji ta. "Ci ka mayar da jikinka. Shekara shida ina dafawa ana dawo mini da kwano."

Na ci. Kumatuna suka ciko, wuyana ya yi kauri. A masallaci dattawan unguwa suna riƙe hannuna bayan sallama suna cewa, "Masha Allah, jiki ya dawo. Yanzu muka ga alamar shiriya." Yaya ya dube ni wata rana sama da ƙasa, ya zaro makulli daga aljihu ya miƙo mini. Ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan ba.

Abin da ba su gani ba shi ne abin da nake ci a waje. Kafin in isa shago na tsaya wajen mai ƙosai. Da hantsi fanke da lemon kwalba. Idan aka kira ni gyara wajen garin Malam Madori, sai na tsaya na ci gurasa da tsire a tafiya, na sake tsayawa a dawowa. Ranar kasuwa in sayi bandar tarwaɗa in ce ta gida ce, in zagaya bayan shago in cinye a tsaye, in tura ƙayar cikin kwata da ƙafa. Ba yunwa nake ji ba. Wani abu ne yake tasowa daga ƙirjina wajen ƙarfe goma sha ɗaya, daidai lokacin da a da nake ƙara ƙwaya, kuma ba ya kwanciya sai cikina ya yi nauyi har numfashi ya yi mini wuya. Daga nan in ji shiru na ɗan lokaci, sai kunya ta biyo baya. Na san wannan shirun, na san kunyar. Na goge bakina kafin in shiga gida kamar yadda a da nake murza idona. Matata ta tambaye ni ko na ci wani abu, in ce rabona da abinci tun karin kumallo.

Cikin shekara ɗaya da rabi na zama wani mutum daban. Aikinmu a tsugune ake yin sa, ni kuma na kasa tsuguno. Sai na durƙusa a cikin laka, tumbina na tokare da inji, ina haki. Wata rana a wurin casar shinkafa, masu dako suka ce in hau sikelin da ake auna buhu. Na hau don kada a ce ba na wasa. Wani ya leƙa ya ce, "Wannan ai ya fi buhu, sai dai a raba shi biyu kafin a loda." Na yi dariya tare da su. Daga wurin na wuce na sayi waina guda goma.

Bayan wannan da 'yan kwanaki jiri ya ɗebe ni ina ɗaura tiyo. A asibiti aka ce hawan jini ne, kuma ciwon suga yana bakin ƙofa. Likitar ta ce in rage nauyi, in ba haka ba in shirya shan magani har ƙarshen rayuwata. Ta faɗi haka tana rubutu, ba ta ɗago ba.

Tun dawowata daga Kano nake zuwa wani zama da muke yi kowace Alhamis bayan la'asar. A zauren wani tsohon malamin asibiti muke haɗuwa, mutumin da shi ma ya yi shekaru yana yi wa kansa allurar kashe zafi kafin ya rabu da ita. Malam muke ce masa. Ba mu da yawa. Akwai wani direba da ke jigila zuwa Birniwa, da wani masunci daga wajen garin Baturiya wanda ke zuwa in ya samu mota, da wani tela mai shago kusa da kasuwa wanda ya bar kodin shekara uku kafin ni. Kowa yakan faɗi yadda makonsa ya wuce, abin da ya kusa mayar da shi, da abin da ya riƙe shi. Ana dafa shayi mai kauri, suga kamar kunu, ana kawo fanke a leda. Ni nake cinye rabin ledar, ba wanda ya taɓa magana.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan asibiti na ce ina da magana. Na faɗi komai, har da kifin bayan shago da ƙaryar da nake yi wa matata. Direba ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Haba Injiniya! Mu muna fama da shaiɗan, kai kana fama da ƙosai? Wallahi a ba ni matsalarka in ba ka tawa."

Na miƙe zan fita. Tela ya kama bakin rigata.

"Zauna," in ji shi. Ya juya wajen direba. "Ka san abin da ke ƙarƙashin kekena? Alawa da biskit. Kodin zaƙi ne da shi, bakina bai manta ba. Ina ɗinki ina tura hannu, kafin azahar na gama leda guda. Yatsun ƙafata sun fara mutuwa, ba na jin feda sosai. Shekara biyu ina zuwa zauren nan ban faɗa ba, don irin dariyar nan taka."

Direba ya daina dariya. Malam ya ce shi ba likitan abinci ba ne, amma abin da ya sani shi ne duk abin da mutum ke ɓoyewa ya ci ko ya sha, a nan ya kamata a faɗe shi. Daga ranar aka daina kawo fanke, aka koma gyaɗa da kankana in lokacinta ne. Direba ya yi ta mita kusan wata guda.

Ni da tela muka yi shiri tsakaninmu. Kullum in gari ya waye mu haɗu a bakin jinga, tudun ƙasar da aka yi don tare ambaliya, mu bi ta da ƙafa har inda ciyawar kacala ta cinye ruwa, mu juyo. Ranar farko ban kai rabi ba na zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife, ina jin zuciyata a kunnena. Abinci kuwa, muka ce sau uku a rana, a zaune, a gaban mutane. Malmala ɗaya, miya da ganye da yawa, kifi in an samu. Ba ci a tsaye, ba ci a bayan shago. Idan abin nan ya taso, a kira juna kafin a sayi komai. Na kira shi sau da yawa ina tsaye gaban mai ƙosai. Ba ya yi mini wa'azi. Ina jin ƙarar kekensa, sai ya ce, "Injiniya, me ka kwance yau?" In fara ba shi labarin kafireta da ta toshe, kafin in gama na wuce wurin. Wani lokacin kuma ban wuce ba, in saya in ci, in faɗa masa da safe. Ba mu yarda da sikeli ba. Duk wata yakan zaro tef ɗinsa ya auna ƙuguna, in auna nasa, ya rubuta da alli a bangon shagonsa.

Wata biyar muna haka. Na fara tsuguno. Jirin ya tafi. Tela ya rage mini wanduna biyu. Har ranar da nake rubuta wannan ban ƙara samun watanni masu sauƙi kamar waɗannan ba.

Inna ce ta fara lura. Na mayar mata da kwanonta da rabin tuwo a ciki, ta buɗe ta rufe, ta kalle ni.

"Auta, me ke damunka?"

"Ba komai, Inna. Likita ce ta ce in rage ci."

"Wace irin likita ce za ta hana mutum abincin uwarsa?"

Na yi mata bayani, na nuna mata takardar asibiti, duk da ba ta karatun boko. Ta ce to. Washegari kwanon ya zo a cike fiye da na jiya.

Sannu a hankali na gane abin da ake gani a jikina. A unguwarmu kowa ya san yadda mai ƙwaya yake: ƙashin wuya a waje, wando na zamewa, ba ya son abinci, yana fita da sassafe ba a san inda ya nufa ba. Ni ke nan. Dattawan da ke riƙe hannuna suka koma miƙo yatsu su janye. Wata mata ta gaya wa Inna ana ganina kullum a bakin ruwa da "telan nan ɗan kodin". Na dawo gida wata rana da azahar na tarar da matata ta zazzage aljihun rigunana a kan gado, har ta farke bakin wani wando. Ba ta ma ɓoye ba.

"Inna ce ta ce in duba," in ji ta. "Ni ma kuma ina so in sani. Maigida, shekara shida ka yi kana rantse mini."

Gaskiya ta faɗa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na yi musu ƙarya da Alƙur'ani a hannu a da, yanzu da nake faɗar gaskiya ba abin da ya rage da zan rantse da shi.

Yaya bai yi doguwar magana ba. Ya ɗauke ni a babur ya kai ni aka yi awon fitsari. Sakamako ya fito ba komai a jikina. Ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu.

"Irinku kun san dabaru," ya ce. "Ba ni makulli. In na ga ka dawo daidai sai mu yi magana."

Na ce, "Yaya, yanzu ne nake daidai."

"Dubi wuyanka," in ji shi.

Na koma gyara a gindin wata bishiyar maina a bakin hanya, da jakar sifanuna. Manoman da suka san hannuna suka biyo ni, wasu kuma suka daina gaishe ni.

Ranar da ta fi tsaya mini ita ce wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Inna ta kira ni ɗakinta. Ta yi dambun shinkafa da zogale, ya sha mai da gyaɗa, cike da babbar roba, ga soyayyen kifi a sama. Tun ina yaro ba abin da nake so kamarsa, ta kuma sani. Ta tura robar gabana, idonta ya yi ja.

"In da gaske ba ka koma ba, cinye a gabana. Mai shan abin nan ba ya iya ci. Na sani, na gani da idona."

"Inna, zai cutar da ni."

"Ni ce zan cutar da kai?"

Na wanke hannu na ci. Na cinye tas, har na suɗe robar. Tana kallo tana share hawaye da bakin zane tana hamdala. Da na fita ban nufi gida ba, ban kira tela ba. Na tafi kasuwa na sayi fanke da lemo biyu na zauna bayan wata rumfa na ƙara. Kwana uku ban je jinga ba. A rana ta huɗu tela ya zo gindin mainar ya zauna a kan wani mataccen inji.

"Na ji labari," ya ce. "Ni ma tsohuwata ta yi kuka da na daina shan kununta da suga. Amma ni ƙato ne har yanzu, ba wanda ya zarge ni. Kai ka yi saurin zubewa."

"To in daina?"

"Ban sani ba. Jikinka ne, uwarka ce. Ni dai gobe ina bakin ruwa."

Na je. Muka roƙi Malam ya zo ya yi wa Inna bayani, tunda dattijo ne kuma ya yi aikin asibiti. Ya zo, ta shimfiɗa masa tabarma, ta saurare shi har ƙarshe, ta gode. Bayan ya tafi ta ce wa matata, "Shi ma ai ɗan allura ne. Bakinsu ɗaya."

Na ci gaba da abin da nake yi. Kwanonta na zuwa, ina ɗibar abin da zan iya, yara su cinye sauran don kada ya koma mata da yawa. Muna gaisawa da safe, tana sa mini albarka, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Na ɗauka ta fara saukowa.

Da damina ta kankama, ruwa ya cika har ya fara lasar jinga, Inna ta kwanta. Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abinsa. A kwanakin zaman makoki abinci ya yi ta shigowa daga maƙwabta da dangi, kula bayan kula: waina, shinkafa da wake, gumba, taliya. Ban san lokacin da na fara ba. Ina karɓar gaisuwa a ƙofar gida, in shiga ciki kamar zan yi alwala, in buɗe kula in ci da hannu biyu. Bayan an watse ma ban tsaya ba. Na kashe wayata. Wata biyu na yi a haka, duk abin da na zubar a jinga ya dawo.

A lokacin ne yaya ya aiko a kira ni. Na same shi a shago. Ya dube ni, ya gyaɗa kai.

"Alhamdulillahi. Ka ga yanzu ka fara kama da mutane. Allah ya sa rasuwar nan ta zame maka darasi."

Ya miƙo makulli. Na tsaya ina kallon hannunsa. A ranar ƙafafuna a kumbure suke, kaina na sarawa, kuma da safen nan na tsaya a ƙofar wani kemis na daɗe ina kallon ciki kafin in wuce, abin da ban yi ba tun dawowata daga Kano. Na karɓa. Ina da 'ya'ya, kuma damina ba a gyara a gindin bishiya. Har yau shago ɗaya muke, ba mu taɓa komawa kan maganar ba.

Tela ne ya sake zuwa ya fitar da ni. Bai yi mini gaisuwa ta biyu ba, ya ce in sa takalmi. Jinga ta jiƙe ba ta takuwa, sai muka bi gefen kwalta. Daga nan na sake farawa, a hankali fiye da na farko. Yanzu ina saka riga mai faɗi, ina barin gemu ya rufe mini wuya. Matata ta koyi yin kwaɗon rama ba mai da yawa, kuma ba ta ƙara taɓa aljihuna ba, ko kuma ta iya yi ban gani ba. Shi kansa tela ya zame ya sha kodin sau ɗaya gab da wata sallah, da ɗinki ya yi masa yawa, ya zo zaure ya faɗa da bakinsa. Jikinsa bai nuna ba, a gidansu har yau ba wanda ya sani.

Kwanakin baya yayarmu mace, wadda ke aure a Malam Madori kuma ita ta yi jinyar Inna, ta zo ganin gida. Muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce akwai abin da take so in sani, don in ji daɗi in san irin son da Inna ke mini.

"Har ranar da za ta cika kai take yi wa addu'a. Cewa take, Allah ka raba Auta da ƙwayar nan, ka nuna mini ya daina kafin in tafi. Da ta ga ba za ta tashi ba sai ta ce in gaya maka ta yafe maka."

Na ce, "Yaya, lokacin shekarata biyu da wata bakwai ban sha ba."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "To, Allah ya sa haka ne," ta ce.

Alhamis na kai maganar zaure. Na faɗe ta kamar yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba. Na ce an yafe mini laifin da ban yi ba, kuma wadda zan yi wa bayani tana ƙasa. Na ce ina yi mata addu'a kowace salla, amma ina jin haushinta, ina jin haushin kaina da nake jin haushinta, ban kuma san inda zan kai wannan ba. Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Masunci ya ce Allah ya jiƙanta, muka amsa. Ba wanda ya ce in yi haƙuri, na kuwa gode musu da haka.

Da aka tashi, direba ya ce motarsa na waje, in zo ya sauke ni a gida. Na ce ya bari, zan taka.